Begen Mai Bi a Bakin Kabari

Kun saba ganin wannan shafi yana magana a kan taki, ko ajiyar hatsi, ko gyaran rijiya. A wannan fitowa darasinmu a kan mutuwa ne. Mun san wani zai ce, ina ruwan ma'aikatan agaji da wannan magana, ai ta fasto ce. Gaskiya ne ta fasto ce. Amma da wuya mu shiga ƙauye da buhunan hatsi mu fita ba a nuna mana gidan da za mu shiga ta'aziyya ba, tambayoyin da ake yi mana a irin waɗannan gidaje kuwa sun fi buhunan nauyi.

Kafin a ci gaba, a buɗe Littafi Mai Tsarki a karanta 1 Tasalonikawa 4:13-18, da Yahaya sura 11 (masu tsohon Littafi za su ga Yohanna), da Luka 13:1-5, da 1 Korantiyawa sura 15. Wanda ya iya karatu ya ɗaga murya domin waɗanda ba su iya ba. Ba dole ne a gama darasin a zama ɗaya ba.

Abin da ya same mu a wannan yanki

Miga tana cikin kwarin Kogin Haɗejia, inda ruwan Kogin Kano da na Challawa yake bi bayan sun haɗu. Wannan kwari ne yake ba mu shinkafa da alkama da kayan lambu da kifi, shi ne kuma yake sa mu hawaye a watan Agusta da Satumba. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan ta sāke. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa da yawa, yashi ya cike wasu, in ruwa ya yi yawa sai ya nemi hanya ta cikin gonaki da gidaje. Manyanmu suna tuna ambaliyar 2001 da ta 2010, yara ma sun ga ta 2018 da 2020 da 2022. A 2022 fiye da mutum 600 suka rasa rayukansu a faɗin Nijeriya, fiye da 100 daga cikinsu a nan Jigawa. Da yawa ba cikin kogi suka mutu ba, katangar ƙasa ce ta jiƙe ta faɗa musu cikin dare suna barci. Wasu kuma kwalekwale ne ya kife da su.

A 2021 annobar amai da gudawa ta kashe fiye da mutum 3,000 a ƙasar nan, Jigawa tana cikin jihohin da abin ya fi tsanani. Masu shekaru ba su manta sanƙarau na 1996 ba, wanda ya ɗauke fiye da mutum 11,000, galibi a arewa.

Sai kuma daren Talata, 15 ga Oktoba 2024. Tankar mai da ta taso daga Kano za ta Nguru ta kife a Majiya, cikin Ƙaramar Hukumar Taura, a kan hanyar Kano zuwa Haɗejia. Fetur ya malala cikin magudanar ruwa, mutane suka fito da bokitai da jarkoki, gama a lokacin lita ɗaya ta kai wajen naira 1,000. Wuta ta tashi. Cikin kwanakin farko an ƙirga fiye da mutum 150, daga baya adadin ya haura 200. An binne da yawa a kabari ɗaya, wasu ma ba a iya gane fuskokinsu ba.

Bayan ambaliyar 2022 mun je rabon hatsi a wani ƙauye da ba za mu faɗi sunansa ba. Aka kai mu wurin wata dattijuwa mai bi wadda ruwa ya tafi da ɗanta, aka yi kwanaki ana nema ba a ga gawarsa ba. Bari mu faɗi laifinmu a fili: da isarmu sai muka buɗe littafin rajista muna tambayar mutum nawa ne a gidan. Ta dube mu ta ce, “'Ya'yana, ku zauna tukuna.” Muka zauna da kunya. Can ta ce, “Kun yi karatu, ku gaya mini. Wanda aka binne, an san inda yake kwance. Nawa da ruwa ya tafi da shi, ranar tashi a ina za a same shi?” Muka ce, “Mama, Allah ya san inda yake.” Amsar daidai ce, amma ta yi gajarta, tun daga ranar kuwa muke jin muna da bashin amsa mai kyau. Wannan darasi biyan bashin ne.

Kuka a gidan mai bi

Ikkilisiyar Tasalonika ƙarama ce, sabuwa ce kuma, tana zaune a tsakiyar mutanen da ba sa bin hanyarta. Mun san irin wannan zama. Bulus bai daɗe tare da su ba aka tayar da hargitsi ya fita da dare (Ayyukan Manzanni 17). Bayan tafiyarsa wasu masu bi suka mutu, hankalin sauran ya tashi. Sun sa rai Ubangiji zai komo suna da rai duka, to, waɗanda suka riga suka mutu fa, sun yi hasara ke nan? Wajen shekara ta 50 ko 51 bayan haihuwar Almasihu Bulus ya rubuta musu daga Koranti, wasiƙar tana cikin na farko-farko da aka rubuta a Sabon Alkawari. Watau tun farkon ikkilisiya, tambaya irin ta wannan mama tana nan.

Ku lura da kyau da aya ta 13. Bulus bai hana su baƙin ciki ba. Abin da ya hana shi ne baƙin ciki irin na wanda ba shi da abin da yake jira. Wannan bambanci yana da muhimmanci, domin a wasu ikkilisiyoyinmu mun mai da hawaye kamar zunubi. Mace ta rasa mijinta da safe, da yamma ana ce mata, “Ki daina kuka, ba ki da bangaskiya ne?” Mawaƙa su ɗaga murya domin a rufe kukanta. Muna ganin wannan kuskure ne, ko da an yi shi da kyakkyawan nufi.

Ku duba Yahaya 11. Li'azaru ya kwana huɗu a kabari kafin Yesu ya iso Betanya. Marta ta fita ta tarye shi da ƙorafi, tana nuna masa cewa jinkirinsa ne ya sa aka yi rashin. Maryamu ma ta zo ta faɗi abu ɗaya. Yesu bai tsawata wa ko ɗaya a cikinsu ba. Ya san cikin ɗan lokaci kaɗan zai kira Li'azaru ya fito, duk da haka aya ta 35 ta nuna mana shi yana zub da hawaye a gaban jama'a. In wanda yake riƙe da ikon ta da matattu bai ji kunyar hawaye ba, wane ne mu da za mu hana gwauruwa? Da aka jajjefe Istifanas, mutanen da Littafi ya kira masu tsoron Allah ne suka binne shi, suka yi masa makoki mai tsanani (Ayyukan Manzanni 8:2). Martin Luther na Jamus, wanda ya tsaya gaban sarakuna bai ja da baya ba, a 1542 'yarsa Magdalena mai shekara 13 ta mutu a hannunsa, ya yi kuka ƙwarai. Ya shaida cewa ya san tana wurin Ubangiji, amma zuciyarsa ta ƙi daina ciwo.

Gaisuwarmu ta Hausa tana da hikima a nan. Muna shiga mu zauna, mu ce “Ya haƙuri?”, mu yi shiru. Abokan Ayuba sun yi haka kwana bakwai (Ayuba 2:13), wannan ne kuma mafi kyawun abin da suka yi masa. Da suka buɗe baki ne suka ɓata.

Laifin wa?

Abin da abokan Ayuba suka yi da suka buɗe baki shi ne neman laifi. Sun ce lalle akwai zunubin da ya ɓoye. A ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su, ya ce ba su faɗi gaskiya a kansa ba (Ayuba 42:7). Har yau muna yin irin nasu.

Bayan abin da ya faru a Majiya mun ji maganganu iri-iri, har daga bakin masu bi. Wasu sun ce kwaɗayi ne ya kashe su, wasu sun ce hukunci ne. Bari mu sa wannan kusa da Luka 13. An kawo wa Yesu labarin Galilawan da Bilatus ya kashe suna cikin miƙa hadaya. Shi kuma ya ƙara da labarin mutum 18 da hasumiya ta faɗa wa a Siluwam. Sau biyu ya yi tambaya ko waɗannan sun fi sauran mutane zunubi, sau biyu ya ce a'a. Sa'an nan ya juya maganar kan masu sauraro, ya ce su ne ya kamata su tuba. Saboda haka mai bi ba shi da izinin tsayawa a kan kabarin wani yana lissafa masa zunubi. Wanda ya san yadda talauci yake, ya san abin da jarka ɗaya ta fetur take nufi ga magidancin da babu hatsi a rumbunsa. Cikin waɗanda suka ƙone akwai kuma waɗanda suka ruga domin su ceci wasu. Kwasar mai daga tankar da ta kife ganganci ne, za mu komo kan wannan, amma faɗar haka domin a tsare masu rai dabam yake da yanke wa matattu hukunci.

Akwai wani neman laifi da ya fi wannan muni, wato zargin maita. Yaro ya yi zazzaɓi ya suma ya mutu, sai a fara raɗe-raɗi a kan wata tsohuwa marar gata, ko a kan amaryar da aka kawo daga wani gari. Miji ya mutu, a ce matarsa ce ta ci shi. Mun ga gidajen masu bi da suka rabu saboda wannan, mun ga tsohuwar da ta daina zuwa sujada domin ba wanda yake zama kusa da ita a benci. Zazzaɓin cizon sauro da ya hau ƙwaƙwalwa yana sa yaro jijjiga da suma. Sanƙarau yana sandarar da wuya. Waɗannan cututtuka ne masu suna da magani. Dattawan ikkilisiya, in irin wannan raɗa ta taso, ku tare ta tun tana ƙarama, ku kira masu yaɗa ta ku tuna musu doka ta tara, wadda ta hana shaidar zur a kan maƙwabci.

Wata tambaya kuma da kan zo a ɓoye: kakanninmu da suka mutu cikin al'adar gargajiya tun bishara ba ta iso ƙauyensu ba, ina suke? Da maƙwabcin kirki da ya rasu ba ya cikin ikkilisiya? Ba a ba mu kujerar shari'a ba. Ibrahim ya dogara ga cewa Mai shari'ar dukan duniya zai yi abin da yake daidai (Farawa 18:25), mu ma a nan muke tsayawa. Namu shi ne mu yi shaidar Almasihu ga masu rai, cikin ƙauna da ladabi.

Iri da nunan fari

Yanzu bari mu komo ga tambayar maman nan. Begen mai bi ba ya kan cewa mu mutanen kirki ne, ba ya kuma kan yadda aka yi mana biso. Yana kan abin da ya faru a Urushalima a rana ta uku. A 1 Korantiyawa 15 Bulus ya jera shaidun da suka ga Yesu bayan tashinsa: Bitrus, da sha biyun, da fiye da mutum 500 a lokaci ɗaya, waɗanda yawancinsu suna da rai sa'ad da yake rubutu, da Yakubu, daga ƙarshe shi kansa. Ya ce a fili in wannan bai faru ba, wa'azi da bangaskiya duka banza ne. Bai ɓoye cewa komai ya rataya a kan wannan ƙusa ɗaya ba.

Ya kira Almasihu nunan fari. Manomi ba ya bukatar a fassara masa wannan. Ranar da ka karyo zangarniyar gero ta farko da ta nuna ka kai gida, ba a cika rumbu ba tukuna, yara ma suna iya kwana da yunwa a daren. Amma kowa a gidan ya san kaka ta zo, sauran gonar tana biye. Haka tashin Yesu yake ga waɗanda suke nasa.

Wani a Koranti ya tambaya da wane irin jiki matattu za su tashi. Bulus ya amsa da misalin shuka (aya 35 zuwa 44). Ku tuna ƙwayar riɗi, yadda take ƙanƙanuwa har iska tana iya ɗauke ta daga tafin hannu. Ka jefa ta cikin ƙasa, bayan sati biyu ka tona, ba za ka same ta ba. Ta ruɓe. Amma ga tsiro a wurin, wanda bai yi kama da ita ba, kuma daga ita ya fito, ba daga wata ba. Allah ne yake ba kowane iri jikinsa. Ba ya bukatar a adana masa ƙwayar lafiya lau kafin ya yi aikinsa. Wanda aka binne cikin akwati mai tsada da wanda aka naɗe a tabarma, bayan shekaru duk ƙasa suke komawa. Wanda ya yi Adamu daga turɓaya bai rasa hanyar tattara nasa ba.

Littafi ya ma ambaci ruwa da sunansa. A Wahayin Yahaya 20:13, Yahaya ya ga teku tana mayar da waɗanda ta haɗiye. In babbar teku ba ta iya riƙe ko mutum ɗaya a ranar nan, Kogin Haɗejia ba zai iya ba. Haka ma wuta. Cikin masu bi na farko akwai waɗanda aka ƙone, aka watsa tokarsu cikin kogi da gangan domin a yi wa begensu ba'a, kamar yadda aka yi a birnin Liyon na Faransa a shekara ta 177. Ikkilisiya ba ta taɓa koyar da cewa waɗannan sun ɓace wa Allah ba. To, Mama, ga amsar: za a same shi a inda Ubangiji ya ajiye shi, muryar da ta kira Li'azaru da suna ta san sunan ɗanki.

Kada kuma mu ɗauka tashin nan na inuwa ne ko na kurwa kawai. Yesu da ya tashi ya nuna wa almajirai hannuwansa da ƙafafunsa, ya karɓi gasasshen kifi ya ci a gabansu (Luka 24:39-43). Masuntanmu su riƙe wannan. Shi ya sa masu bi na farko suka sa wa makabartarsu suna da kalmar Helenanci mai ma'anar wurin kwana, shi ya sa mu ma muke cewa wane ya yi barci cikin Ubangiji. Mai barci ana jiran tashinsa.

Bege ba ya naɗe hannu

A nan ne maganar ta shafi aikinmu kai tsaye. Muna yawan jin, “Kwanansa ne ya ƙare,” ko “Mutuwa rigar kowa.” Gaskiya ne ranakunmu suna hannun Allah. Amma sau da yawa ana faɗin haka ne domin a rufe tambayar da ya kamata a yi. Me ya sa mai naƙuda ta kwana biyu a ɗaki kafin a nemi mota? Me ya sa aka ci gaba da kwana a ɗakin da kowa ya ga bangonsa ya tsage?

Bulus ya kira mutuwa abokiyar gaba, ta ƙarshe da za a hallaka (15:26). Ba a yi wa abokin gaba shimfiɗa. Ku lura kuma da inda ya kai maganarsa. Bayan ayoyi 57 a kan tashin matattu, aya ta 58 ta ce a dage da aiki, gama wahalar ba ta banza ba ce. Da ka juya zuwa sura 16, maganar farko ita ce tara gudummawa kowace ranar farko ta mako domin matalautan Urushalima. Daga kabari marar kowa ya wuce kai tsaye zuwa kwanon baiko. A wurin Bulus abu ɗaya ne.

Shari'ar Musa ta umarci mai gina sabon gida ya yi wa rufin soronsa 'yar katanga, domin kada wani ya faɗo jininsa ya hau kan gidan (Maimaitawar Shari'a 22:8). Sarki Hezekiya ya yi addu'a da kuka Allah ya ƙara masa shekara 15, duk da haka annabi Ishaya ya sa a ɗaura masa curin ɓaure a kan marurun (Ishaya 38:21). Addu'a da magani sun tafi tare. Da Shaiɗan ya ce wa Yesu ya diro daga kan Haikali tun da mala'iku za su tare shi, Yesu ya ƙi, ya kira wannan gwada Allah. Cika kwalekwale fiye da ƙarfinsa a ce Allah zai kiyaye, gwada Allah ne. Zuwa kusa da tankar da ta kife, gwada Allah ne: fetur ba ya bukatar ashana, tururinsa kaɗai in ya sami tartsatsi ya isa. A gudu nesa, a janye yara, a sanar da hukuma.

Wasu abubuwan ba su da tsada. Mai amai da gudawa rashin ruwa a jiki ne yake kashe shi, wani lokaci cikin sa'o'i kaɗan. A sami ruwa mai tsabta lita ɗaya, a zuba sukari ƙaramin cokali shida a shafe, da gishiri rabin ƙaramin cokali, a riƙa ba shi kaɗan-kaɗan ana kan hanyar asibiti. In ya rasu, gawarsa tana iya yaɗa cutar, saboda haka a bar wa mutane kaɗan su shirya ta bisa ga shawarar ma'aikatan lafiya, masu wannan aiki kuma kada su taɓa abincin jama'a. Wannan ba rena mamaci ba ne. Mai ciki da ta ga jini, ko ciwon kai mai tsanani da kumburin fuska da hannu, ko jijjiga, ko naƙudar da ta wuce sa'a 12, a kai ta asibiti nan take. Tun 2008 likitocin ƙungiyar MSF suke aiki tare da Babban Asibitin Jahun a sashen haihuwa da gyaran yoyon fitsari. Abin da yakan hana zuwa shi ne kuɗin mota da jiran izinin maigida. Ikkilisiyar da ta ajiye ɗan asusu domin motar dare, magidanta kuma suka ba da izini tun kafin ranar, ta yi wa'azin tashin matattu da hannuwanta.

Iyayenmu cikin bangaskiya haka suka yi. Wajen shekara ta 250 zuwa 260 annoba ta ratsa daular Roma, mutane suna gudu suna barin 'yan'uwansu a kan titi. Bishop Sifiriyan na Kartaj, a ƙasar da yau ake kira Tunisiya, ya tara ikkilisiyarsa ya gargaɗe su su yi jinyar marasa lafiya, nasu da waɗanda ba nasu ba, har da masu tsananta musu. Rashin tsoron mutuwa ne ya ba su ƙarfin tsayawa. A nan ƙasarmu, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham sun sauka Legas a Disamba 1893 da niyyar kawo bishara ƙasar Sudan. Kafin ƙarshen 1894 Gowans ya mutu a Girku, Kent kuma a Bida, dukansu ba su kai shekara 30 ba. A idon mutum hasara ce. Daga wannan iri ne mishan ta SIM ta tsiro, daga ita kuma ECWA a 1954. Waɗanda suka biyo bayansu sun zo da bege iri ɗaya, amma sun zo da kwinin a cikin kayansu, suka kuma buɗe ɗakunan shan magani.

Mu da muke zaune tsakiyar 'yan'uwanmu Musulmi, maganar Sifiriyan tamu ce. Ruwa ba ya tambayar addini kafin ya shiga gida. In an yi rashi a gidan maƙwabci, mu je ta'aziyya, mu kai abin da muke da shi, in ana haƙar kabari matasanmu su kama. Su ma suna zuwa namu, da yawa cikinmu shaidu ne.

Bayan an watse

Ranar biso majami'a takan cika. Bayan sati biyu sai gidan ya yi tsit, a lokacin ne kuwa ainihin makoki yake farawa. Damina ta zo ba mai yin huɗa. Kuɗin makaranta ya zo. Wani lokaci dangin miji su zo su raba gona da awaki, su bar mace da yara da tukwane. Yakubu 1:27 ya auna addinin gaskiya da yadda ake kula da marayu da gwauraye. Aikin agaji na farko da ikkilisiya ta tsara, a Ayyukan Manzanni 6, saboda gwauraye ne da ake mantawa da su wajen rabon abinci. Wanda kuma yake cewa 'ya mace ba ta da rabo a gonar ubanta, ya karanta labarin 'ya'yan Zelofehad mata biyar a Littafin Ƙidaya 27.

Magidanta, saƙon farko da Ishaya ya kai wa Hezekiya shi ne ya shirya gidansa. Yin wasiyya ba kiran mutuwa ba ne. A rubuta iyakar gonaki, da bashin da ake binka da wanda kake bi, da abin da ka bar wa matarka da kowane yaro, a gaban shaidu biyu, a ba fasto kwafi ɗaya ya ajiye. In an yi rashi a nemi takardar shaidar mutuwa daga ofishin Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, gama ba tare da ita ba kuɗin banki ko fansho yakan maƙale.

Akwai kuma wata al'ada da take shigo mana daga birane, ta ajiye gawa makonni a asibiti, da ɗinka anko, da yanka saniya. Mun ga gidan da ya sayar da gonar fadama domin biso na yini ɗaya. A ganinmu wannan bai dace da mu ba. Ubangijinmu a ranar da ya mutu aka sa shi a kabari, na aro ma. Maƙwabta ne ya kamata su kawo abinci gidan makoki, kada masu makoki su ci bashi domin su ciyar da gari.

Muna roƙon dattawan kowace ikkilisiya, ranar Lahadi mai zuwa bayan sujada, su zauna da shugabannin Zumuntar Mata da na matasa su rubuta sunayen gidajen da aka yi rashi tun daga daminar bara, na masu bi da na maƙwabta. A gaban kowane suna a rubuta wanda zai riƙa leƙa gidan, da ranar da za a yi musu gayyar noma, da ɗakin da yake bukatar gyara kafin ruwan Agusta. In mun zo zagaye za mu nemi ganin takardar, bayan mun zauna mun gaisa.